Hanyar Ruwan Ƙarfe

Kowa a cikinmu ya san maƙera, gama ba ƙauyen da za ka shiga a ƙasar Hausa ba ka ji amon masaba bisa uwar maƙera ba. Amma ba kowa ya lura maƙera iri biyu ne ba. Akwai maƙeran baƙi, su ne masu fartanya da garma da lauje da gatari, waɗanda ke dukan ƙarfe yana ja har ya bi abin da su ke so. Akwai kuma maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla da makamantansu. Su ma suna duka, amma babban abin da ya raba su da 'yan'uwansu shi ne zubi, watau su narkar da ƙarfe ya zama ruwa, su kwarara shi cikin mazubi, ya daskare da siffar da aka shirya masa. Zancen zubin nan na ke so in yi muku, ba ma dukansa ba, wani yanki nasa ne da mai kallo ba ya kulawa da shi, watau hanyar da ruwan ƙarfen ke bi daga bakin tukunya zuwa cikin mazubi.

Ni mutumin arewacin Kano ne, daga wani ƙauye tsakanin Bichi da Ɗambatta. Wanda bai taɓa zuwa wajenmu ba, sai in gaya masa ƙasa ce wadda gona ke bin gona, ba daji ko kaɗan, ka fita daga wannan gari kana hangen rimin wancan. Gero da dawa da gyaɗa da wake ko'ina, ga gawo da ɗorawa da kuka tsaitsaye tsakiyar gonaki, kowace bishiya kuwa da mai ita. Ba a hutar da gona, sai dai a ba ta taki kowace shekara. Abin da magidanci ya noma sau da yawa ba ya kai shi wata kakar, saboda haka kowa da sana'arsa ta rani: wani saƙa, wani rini, wani fatauci, wani ya tafi cin rani birni. Kawuna, wan mahaifiyata, shi zubi ya gada. Da an gama kaka an kai amfani rumbu, sai ya share rumfa ya gyara zugazugi. Ni ɗan 'yar'uwa ne, sana'ar ba gadona ba ce, amma na yi rani biyar ko shida a gidansa ina yi masa zuga.

Inda ba daji, gawayi tsada gare shi. Na ƙirya maƙeri ke so, saboda ƙarfin wutarsa da daɗewarta, ƙirya kuwa ta yi wuya a wajenmu, sai an kawo gawayinta daga nesa. To, in an hura wuta an narkar da ƙarfe, kana zubi ya ɓaci, an yi hasarar gawayi ke nan, an yi hasarar mazubi, an yi hasarar kwanakin da aka ɓata wajen gina shi. Ran zubi yara da masu wucewa su kan taru bakin rumfa suna kallon wuta, suna zaton nan gwanintar ta ke. Kawu kuwa ya kan ce mini, "Wuta ta kowa ce, yaro. Duk wanda ya sami gawayi da mai zuga sai ya narkar da tagulla. Kai ta inda za ta kwana, shi ne aiki."

Bari in fara da maganar zafi, don ita ce ta raba maƙeran nan biyu tun asali. Masana sun auna, a ma'aunin da ruwa ke tafasa a digiri 100, kuza na narkewa a 232, dalma a 327, alminiyam a 660, azurfa a 962, jan ƙarfe a 1,085, baƙin ƙarfe tsantsa kuwa sai ya kai 1,538. Wutar gawayi da zugazugin fata ta ishi na farkon nan duka, amma ba ta iya mai da baƙin ƙarfe ruwan da za a kwarara. Kano tsohuwar ƙasar tama ce. Abagayawa sun ce kakansu maƙeri ne da ya taso daga Gaya ya zo Dala neman tama, masu tonon kufai kuma sun sami alamun gasa tama a Dala waɗanda aka ƙiyasta tun ƙarni na 7 ne. Duk da haka ƙarfen da ke fitowa daga tanderun tama dunƙule ne, ƙazantar dutsen ce kaɗai ke narkewa ta gangara, ita ce mu ke kira kashin maƙera. Dunƙulen nan sai duka. Don haka ilmin hanyar ruwan ƙarfe a ƙasarmu hannun maƙeran fari ya zauna.

Zubi mafi sauƙi shi ne wanda ba ya bukatar hanya. A ƙwaƙule 'yar kwata a jikin tubali, a zuba ruwan ƙarfe, ya kwanta ya zama sanda. Sandunan ƙarfe irin waɗannan daɗaɗɗen abu ne a ƙasashenmu. A shekarar 1353 Ibn Batuta, matafiyin nan mutumin Tanja, ya sauka Takadda, wadda masana da yawa ke ɗauka kufanta na Azelik, a ƙasar Nijar ta yau. Ya ba da labari mutanen garin na haƙo jan ƙarfe, su narkar da shi a gidajensu, su mai da shi sanduna masu tsawon taƙi ɗaya da rabi. Masu kauri 400 ne a bakin miskalin zinariya, sirara kuwa 600 ko 700. Da su a ke cin kasuwa, a kuma kai su Barno da wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda a ke ɗauka Gobir ce. Kusa da gida kuma, masu kuza na Riruwai a kudancin Kano, da na Liruwen Dalma a ƙasar Bauci, tun kafin zuwan Turawa suna da dabararsu: su kan yi ramuka sirara da tsinken ciyawa, su zuba narkakkiyar kuza, ta fito kamar tsinkaye, a ɗaure ta dami-dami a kai kasuwa.

Amma munduwa mai ado, ko ƙararrawar doki, ko likkafa, ba su yiwuwa a buɗaɗɗiyar kwata, gama suna da gaba da baya da ciki. Tilas a rufe su ta ko'ina, abin da aka rufe ta ko'ina kuwa sai an yi masa ƙofa. Ga yadda Kawu ke yi. Ya kan sayi kakin zuma wajen masu amya, ya tace shi, ya murza, ya gina abin da ya ke so da shi daidai yadda zai fito, har da zane da kitso. Sa'an nan ya murza wani kakin kamar kara siriri ya manna a jikinsa, ya yi masa kai mai faɗi kamar mazurari. Ya shafe duka da lallausan yumɓu da aka dama da garin gawayi, ya bari ya sha iska, ya ƙara wani yumɓu mai kauri da aka cuɗa da kashin jaki, ya bar kan mazurarin nan kaɗai a buɗe. In ya bushe sarai a inuwa sai a kifa shi bisa wuta, kakin ya narke ya tsiyaye. Abin da ya rage dunƙulen ƙasa ne mai kogo, kogon nan siffar munduwa ne, gurbin karan nan kuwa ya zama hanya. A rumfarmu sunayen jikin mutum a ke ba sassan nan. Mazurarin da a ke zubawa shi ne baki, ramin da ya gangara daga nan maƙogwaro, kogon da ƙarfe zai cika shi ne ciki, ƙananan hudojin da iska ke fita kuma hanci.

Gina munduwa da kaki wuni guda ya ke ɗaukarsa. Amma na sha ganinsa riƙe da ita gamammiya yana jujjuyawa, tun azahar har a kira la'asar, bai manna maƙogwaro ba. Ran nan na ce, "Kawu, ai ko ta ina aka huda ruwa zai shiga." Ya dube ni ya ce, "Kai da ka ke ban ruwa a lambun babanka ka ke faɗin haka?" Ya ci gaba da jujjuyawarsa. Maganar kuwa gaskiya ce, duk wanda ya ja jigo a fadama ya san ta. In ka ƙuntata hanyar ruwa, ƙasa ta shanye shi kafin ya kai fangalin ƙarshe. In ka yi mata gangare da yawa, ya zaizaye gefe ya kwaso laka ya binne maka albasa. Sai dai shi ruwan lambu mai haƙuri ne, in ya tsaya ka zo da fartanya ka gyara masa. Ruwan ƙarfe kuwa tun da ya bar wuta mutuwa ya ke yi, numfashi kaɗan gare shi, ga shi kuma yana tafiya cikin duhu inda hannu ba ya kaiwa. Duk gyaran da za a yi masa sai dai a yi tun yana kaki.

Abin da Kawu ke nema cikin jujjuyawar nan shi ne wurin da ya fi kauri, gama wurin da ya yi siriri shi ke fara daskarewa. In ka shigar da ƙarfe ta siririn wuri, ƙofa ta rufe ciki bai ƙoshi ba. Yana kuma duban inda ruwan zai rabu biyu. Munduwa zagaye ce, ruwa ya bi dama ya bi hagu, su gamu a can gaba. In sun gamu da zafinsu sai su zama abu guda. In sun riga sun fara hucewa sai su jingina da juna kawai, ka ga wani tabo kamar ɗinki, ran da mai munduwar ta buge ta da taɓarya kuwa nan za ta karye. Maganinsa a gajarta musu tafiya, ko a yi wa maƙogwaro reshe biyu.

Shi kansa maƙogwaron ba a yinsa sambal. Sama faɗi, ƙasa tsukakke. Na daɗe ina ganin haka ban san dalili ba, sai da na lura da ruwan buta. Ku tsiyaye ruwa daga buta ku duba, za ku ga yana da kauri a bakin butar, yana ƙara sirancewa yana gangarowa, domin gudunsa ƙaruwa ya ke yi. To, in ramin da zai bi faɗinsa ɗaya ne sama da ƙasa, a can ƙasa ruwan ba zai cika shi ba, sai ya riƙa jan iska yana tafiya da ita cikin aiki. Da aka tsuke ƙasan sai ya zama maƙogwaro cike ya ke tun daga baki har ciki. Tsawonsa kuma da amfani, gama nauyin ƙarfen da ke tsaye cikinsa shi ke tura na ƙasa ya kutsa lungu-lungu, har zanen da aka yi da bakin allura ya fito. Wani aikin ma, kamar babbar ƙararrawa, ba ya yarda ƙarfe ya faɗo masa daga bisa. Sai ya zagayo da hanya ta gefe ta shigo daga gindi, ƙarfe ya riƙa tasowa a hankali kamar ruwan rijiya da damina, ba fantsama, datti kuwa yana yawo a kansa har ya fita sama.

Sai maganar hanci, wadda ni a ganina ta fi duk sauran kyau. Kogon da mu ke cewa ba kome cikinsa, cike ya ke da iska, baƙo kuwa ba ya samun wurin zama sai mai ɗaki ya matsa. Wanda ya taɓa nutsa tulu cikin kududdufi ya ji yadda ya ke ɓulɓul, ruwa na son shiga iska na son fita ta ƙofa guda. In haka ta faru a mazubi, iskar da ta rasa mafita sai ta maƙale a kusurwar da ta fi bisa, ƙarfe ya daskare kewaye da ita, a fasa a tarar da giɓi. Saboda haka Kawu kan murza kaki siriri kamar zaren saƙa, ya manna a duk inda ya san iska za ta taru, ya fitar da shi sama kusa da baki. Yumɓun ma da aka cuɗa da kashin jaki, in ya sha wuta ciyawar da ke ciki ta ƙone, sai ya zama da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, iska na tsatsa ta nan. Hanci kuma ɗan saƙo ne: da ka ga jan ƙyalli ya leƙo ta hanci, ka san ciki ya cika.

Abokin gaba na gaske shi ne laima. Ɗigon ruwa in ya zama tururi ya kan nemi wurin da ya ninka nasa kamar sau 1,700, in kuwa ya rasa, sai ya yi wa kansa hanya da ƙarfen da ke bisansa. Akwai wani yaron maƙera a ƙauyen da ke gabas da namu wanda ya jefa guntun tagulla mai raɓa cikin tukunyar da ke kan wuta. Allah ya yi da sauran ganinsa, ido ya tsira, amma tabon na nan a kumatunsa da wuyansa. Don haka Kawu ba ya zuba kome sai ya gasa mazubi ya yi ja, ya binne rabinsa cikin busasshen rairayi don kada ya faɗi ko ya tsage. Zafin mazubin kuma na ƙara wa ruwan ƙarfe kwana a hanya.

Akwai sauran abu guda da ke faruwa bayan an gama zubawa. Ƙarfe in zai daskare tsukewa ya ke yi. Alminiyam, alal misali, ya kan rage kamar kashi 6 ko 7 cikin 100 na girmansa. To, ciki ya cika ɗazu, yanzu ya koma yana neman ƙari, daga ina zai samu? Daga baki. Shi ya sa a ke yin bakin da kauri, a kuma cika shi maƙil, don ya zama shi ne na ƙarshen daskarewa, ya riƙa ciyar da na ƙasa kamar rumbu da bazara. In abu ya huce, kafin Kawu ya ɗauki masaba ya fasa, ya kan sunkuya ya dubi bakin. In ya ga ya lotsa a tsakiya kamar cibiya sai ya ce, "Ya sha." In ya gan shi a shafe sumul, sai ya yi shiru, don ya san ramin da ya kamata ya fito nan yana can ɓoye cikin aikin.

Zubin kansa kuwa, wanda jama'a ke taruwa dominsa, bai kai a karanta Fatiha ba. Ba a magana. Kawu ya kama tukunya da awartaki, babban ɗansa ya tare dattin da ke kan ruwan da busasshen itace, a karkata, a zuba a miƙe ba yankewa har hanci ya nuna. In hannu ya tsaya ya ci gaba, to, an yi ɗinkin nan da na faɗa. Ita tagulla ba a barinta ta daɗe bisa wuta bayan ta narke, gama jan ƙarfe ne gauraye da tutiya, tutiyar kuwa tashi ta ke yi ta zama farin hayaƙi, a yi hasarar kyan ƙarfe, mai shaƙa kuma ya kwana da zazzaɓi.

Ba mu kaɗai muka san wannan ba. Maƙeran Asante, a ƙasar da fatakenmu na goro suka saba da ita, waɗanda suka zuba 'yan duwatsun awon zinariya na tagulla, su dabararsu ta fi tamu rufin asiri. Su kan liƙa tukunyar ƙarfen a bakin mazubi da yumɓu su zama abu guda, a sa a wuta tukunya na ƙasa, in ƙarfe ya narke a juya, ya gangara da kansa bai ga iskar waje ba. A Igbo-Ukwu kuma, kayan tagullar da Thurstan Shaw ya tono a 1959 da 1960, waɗanda aka ƙiyasta na wajen ƙarni na 9 ne, da kakin da ke narkewa ya bar gurbi aka zuba su. Na ga hoton wata tukunyarsu da aka kewaye da igiyar ƙarfe mai ƙulli-ƙulli. Masu kallo na yabon adon, ni kuwa ina ta neman inda mai ita ya sa hanci.

Hanya tana da wata fuska da ta shafi amana. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta kawo liyari 6 da ta gada wajen mahaifiyarta, a yi wa jikarta mundayen aure. Liyari, ga wanda bai san shi ba, kuɗin azurfa ne mai hoton Mariya Tarisa sarauniyar Ostiriya, nauyinsa giram 28, an kuma yi ta buga shi da shekarar 1780 ko bayan wucewarta da nisa. To, in aka narkar da azurfa daidai nauyin mundaye, baki da maƙogwaro su ci rabonsu, ciki ya kwana da yunwa. Tilas a ƙara wata a kai, bayan zubi kuma a yanke abin da ya daskare a hanya. Guntun nan na wane ne? Nan ne sunan maƙeran fari da yawa ya ɓaci. Kawu yana da wani guntun azurfa ƙulle a tsumma, shi ma na liyari ne don kada ya rage wa ta mutane daraja, aikinsa ke nan cika hanya. Ya ɗauko ma'auni zai auna nata da nasa a gabanta. Ta ce, "Haba ɗan nan, na yarda da kai, ba sai ka auna ba." Ya ce, "Iya, ke kin yarda, amma magada ba su nan." Ya auna, ya gaya mata wuta za ta ci kaɗan. Ran da aka fasa mazubi ya aika aka kira ta, ya yanke hanya a idonta, ya sake aunawa.

Yau ɗin nan masu neman munduwar zubi sun yi ƙaranci, gama kayan adon kanti sun cika kasuwa da araha. 'Ya'yan Kawu tukwane su ke zubawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, tarkacen alminiyam ya yawaita, sana'ar zuba tukunya da shi ta bazu a Afirka ta Yamma har ta iso kasuwanninmu. Ita ce mata ke kira tukunyar dalma. Ba kaki a nan. Akwai uwar tukunya da aka raba biyu, a cika cikinta da ƙasa mai rairayi a danne, a kife ta, a kewaye ta da akwati mai ɓari biyu, a cika shi ma a danne, a barbaɗa toka don kada sassan su manne. A tsai da guntun bututu bisa gindin tukunyar, in an zare shi ya bar maƙogwaro. Kana a buɗe akwatin a cire uwar, a mai da shi a rufe. Tsakanin ƙasar ciki da ta waje sai a sami rata daidai kaurin tukunya. Nan ba a zagayowa ta gefe, domin jikin tukunya siriri ne, alminiyam kuma ba shi da nauyin da zai tura kansa, sai a ba shi ta tsakiyar gindi da sauri, ya bazu ko'ina kamar ruwan da aka sheƙa bisa kifaffiyar ƙwarya. A kan ɗora dutse bisa akwatin don kada ruwan ya ɗaga shi ya tsere ta gefe. Wani zai ce, ina maganar laima, ga ƙasa an jiƙa? Jiƙon kaɗan ne, daidai yadda in ka dunƙula za ta tsaya ba ta jiƙa maka tafi ba, rairayi kuma na barin tururi ya fita ta tsakanin ƙwayoyinsa, a ƙara masa da huda da tsinken ƙarfe. Wanda ya je gida hutu ya kifa tukunyar mahaifiyarsa, zai ga zagayayyen tabo a gindi inda aka yanke maƙogwaro, da layi a gefe inda ɓarin akwati biyu suka haɗu.

Sunan nan tukunyar dalma ya daɗe yana damuna, gama wani lokaci ya kan zama gaskiya. Hanya ba ta zaɓe, abin da aka ba ta shi ta ke kaiwa. Itacen da a ke tare datti da shi abin da ke yawo bisa kaɗai ya ke tarewa, dalmar gaske kuwa in ta shiga tukunyar narki tare da tarkacen mota, ko kan batir, ko liƙin lagireto, wucewa ta ke yi tare da alminiyam ta zauna a jikin tukunya. A 2014 an buga sakamakon gwajin tukwane irin waɗannan na Kamaru, a 2017 kuma na guda 42 daga ƙasashe 10, aka tarar waɗansu na sakin dalma in an dafa abu mai tsami cikinsu. Mu kuwa ga tsamiya, ga yakuwa, ga tumatir. Ɓarnar dalma ga yara ba baƙon labari ba ne gare mu tun 2010, sa'ad da yara wajen 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, ko da ya ke su daga ƙurar dutsen zinariya ta same su.

Da na je gida da ranin bara na zauna da babban ɗan Kawu na yi masa wannan bayani. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ai dalma ba ta ɓoye mini, ƙanena. Ta fi alminiyam nauyi nesa, farce ma na karce ta." Na ce gaskiya ne, ta ninka shi sau 4, amma wadda ke liƙe jikin wani ƙarfe fa? Muka zazzage buhun tarkacensa a tsakar rumfa, muka ware tsofaffin tukwane da gwangwanaye da waya gefe guda, kayan mota gefe guda. Tulin kayan motar ya fi girma, shi ne kuma ya fi araha wajen 'yan gwangwan. Ya daɗe yana duban tulin nan biyu, kana ya ce matan da ke zuwa rumfarsa a kasuwar Bichi abu biyu su ke tambaya, nawa ce, kuma tana yoyo?